Ana Zaton Wuta A Maƙera

Mu huɗu mahaifiyarmu ta haifa waɗanda suka rayu, amma ni kaɗai na saura tare da ita a gida, nan Fadan Kaje, dab da Zonkwa, cikin ƙasar Bajju. Ƙanwata tana aure a Fatakwal, autarmu tana aikin jinya a Kaduna, ƙanena kuwa mai bi mini, neman abinci ya kai shi har Ingila. Shi ne ya aiko wa tsohuwa da wata kwamfuta ta hannu, irin ta ɗorawa a cinya, domin mu riƙa haɗuwa kowace Lahadi da la'asar bayan an taso daga sujada an ci abinci. A cikinta akwai wata manhaja ta hira da murya wadda ta kan haɗa mu duka a lokaci guda, kowa yana jin kowa kamar a tsakar gida ɗaya mu ke zaune. Ba zan faɗi sunan manhajar ba, domin na yi wata uku ina zaginta, daga baya kuwa ta tabbata ba ta da laifin kome.

Wanda bai ga zamanin da ba, ba zai san girman wannan abu ba. Lokacin da mu ke 'yan makaranta, in mutum yana so ya ji daga gida sai ya rubuta wasiƙa ya zauna jira mako biyu ko uku, ko kuwa ya ba mai shiga jirgin ƙasa saƙo ya sauke masa a tashar Zonkwa. Tsofaffin da ba su iya karatu ba a kan ɗauki muryarsu a kaset, a ƙunshe a ba matafiyi. Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, layukan tarho na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuma a manyan birane su ke. A 2003 aka fito da Skype, wadda ta saba wa mutanen duniya da yin magana ta intanet. Ita ma ta yi zamaninta ta wuce, an rufe ta a watan Mayu na 2025, amma ta bar irinta da yawa a baya, tamu kuwa ɗaya ce daga cikinsu.

Mama ta haura shekara 80, kunnuwanta sun yi nauyi, ba ta kuma son wayar hannu ko kaɗan. Ta kan ce abin da mutum ɗaya ke maƙalawa a kunnensa na gulma ne, ba na taron iyali ba. Saboda haka muka jona wa kwamfutar wata lasifika, muka kashe hoto don kada data ta ƙare da wuri. In Lahadi ta yi, sai a shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakinta, a ɗora mata matashin kai a cinya, a aza kwamfutar a bisa, ta sunkuya ta yi ta magana da 'ya'yanta. Haka muka yi fiye da shekara biyu ba wata tangarɗa.

A daminar 2023 ne abu ya fara lalacewa, amma ba daga kwamfuta ya fara ba. Kowa ya san kudancin Jihar Kaduna ita ce gidan citta a Nijeriya, daga Kachiya zuwa Kwoi da Kagarko da Jama'a. A wannan shekara wata cuta ta faɗa wa gonaki, ganye ya riƙa yin ɗorawa yana bushewa, in an tona sai a tarar da cittar ta ruɓe tana wari. Manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba. Mu ma ba ta bar mu ba. Ƙanena ya aiko da kuɗi masu kauri tun da bazara domin in noma citta a gonar mahaifinmu, mu raba riba. Inda mu ke sa ran buhu 40, buhu 3 muka kwashe, su ma ba na kai wa kasuwa ba. Daga nan ya fara cewa a karanta masa lissafin yadda aka kashe kuɗin, a kuma duba ko za a sayar da wani yanki na gonar a mayar da hasara. A al'adarmu irin wannan magana ba a yin ta a bayan idon uwa, ba a kuma yin ta sai dukan 'ya'ya suna ji. Dole kuma a yanke ta kafin ruwan Afrilu ya sauka, lokacin da a ke shuka.

To, a Lahadin farko ta Janairu 2024 muka haɗu kamar kullum. Mama ta buɗe da addu'a, ta gaisa da kowa da harshen Jju, ta sake da Hausa saboda surukai, ta tambayi kowane jika da sunansa, wa ya yi haƙori, wa ya ci jarrabawa, yaya sanyin Ingila. Wannan ya kan ci minti 15 ko 20. Da aka gama sai ƙanena ya gyara murya ya ce, "Yaya, batun kuɗin nan na citta..." Bai rufe baki ba muryarsa ta fara karkarwa kamar mai magana cikin tulu, sa'an nan manhajar ta ɓace daga allo ɗungum. Muka sake buɗe ta, ta yi minti 3 ta sake ɓacewa. A karo na uku kwamfutar ce gaba ɗaya ta mutu. Muka ce sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa haka, na bayansa ma haka. Kullum a gama gaisuwa lafiya lau, da an taɓo maganar kuɗi sai abu ya ɗauke. A karo na huɗu ƙanena ya aiko mini da saƙo a rubuce, gajere, ya ce, "Yaya, in ba ka son maganar ka faɗa mini, ba sai ka riƙa kashe na'ura a gaban Mama ba." Daga ranar ya daina ɗaukar wayata. Ƙannena mata su ma suka fara yi mini wata irin gaisuwa mai sanyi. Ni da na yi shekara da shekaru ina koyar da yara gaskiya a aji, yau ga ni a matsayin wanda ke ɓuya a bayan waya.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, wanda ya kan zo mana hutun ƙarshen mako, shi ya ɗauki nauyin gyara. Abin da muka fara tuhuma shi ne sabis, domin shi ne gwanin laifi a ƙauye. Wayar da ke ba kwamfutar intanet muka ɗora a kan katanga, muka rataye ta a reshen mangwaro, muka sauya layi. Duk a banza. Yaron ne ya lura da wani abu mai amfani. Ya ce, "Kawu, in sabis ne ya yanke, manhajar ba ta rufewa, tana nan a buɗe tana cewa tana neman hanya. Wannan kuwa faɗuwa ta ke yi." Don mu tabbatar, ya kira abokinsa ta wayar a kan layin nan, suka yi minti 40 ba yankewa. Sabis ya fita daga zargi.

Sai muka koma kan manhajar kanta. Ya sabunta ta, ya goge ta ya sake sauko da ita, ya bincika ko ƙwayar cuta ta shiga kwamfutar, ya rufe duk waɗansu manhajojin da ke aiki a ɓoye suna cin wuri. Ya kuma sabunta wata 'yar manhaja da ke yin tafinta tsakanin kwamfuta da na'urar sauti, wadda masu gyara ke kira direba, ya zare lasifikar ya sake jona ta. Duk a safiyar Asabar ɗaya ya yi waɗannan, a kan teburina. Da ya gama ya shiga ɗaki ya kira kwamfutar da wayarsa, muka yi ta surutu kusan awa guda, ko gezau. Muka yi murna, na aika wa kowa cewa an gyara. Washegari da la'asar, Mama ta gama gaisuwa, ƙanena da aka roƙa da ƙyar ya shigo ya buɗe baki, abu ya faɗi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Ana cikin haka, ran Alhamis 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da Laberiya da waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma, har bankuna suka yi ta ba mutane haƙuri. Maƙwabta suka ce, "To Malam, ka ga abin da ke damunku ke nan." Na so in yarda, domin laifin da ke ƙasan teku ya fi sauƙin ɗauka. Amma ciwon da ya fara a Janairu ba zai zama ɗan Maris ba. Wannan tunani ne ya tuna mini da mahaifinmu.

Marigayi mahaifinmu ya yi shekara 30 yana aikin reluwe a Kafanchan. Tun wajen 1927 garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Aikinsa shi ne duba taragu. In jirgi ya tsaya sai ya bi shi daga kai har wutsiya da doguwar guduma, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa yana kasa kunne. Ƙafa mai lafiya ta kan yi amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ta amsa kamar fasasshiyar ƙwarya. Sa'an nan ya kan ɗora bayan hannunsa a kan akwatin da sandar ƙafafun ke juyawa a ciki, ya ji ko ya ɗau zafi, domin in maiko ya ƙare a wurin, zafi na iya cin ƙarfe har tarago ya sauka daga kan dogo. A gida ma haka ya ke. Ko fitila ce ta ƙi kamawa, ya kan hana mu taɓa abu biyu a lokaci guda. Ya kan ce wanda ya sauya lagwani da kananzir da ƙwai gaba ɗaya, in fitila ta kama bai san abin da ya gyara ba, in ta ƙi bai san abin da ya ɓata ba. Ya kan kuma ce kafin ka tambayi me ya lalace, tambayi yaushe ya ke lalacewa, a ina kuma.

Na ɗauko wani tsohon littafin rajista na ja layuka, na rubuta duk ranakun da na iya tunawa, da lokaci, da wurin da kwamfutar ta ke, da mintin da ta yi kafin ta faɗi. Na ƙara da gwaji na kwana biyar, kullum abu ɗaya na ke sauyawa. Litinin da safe a kan tebur, minti 50, lafiya. Talata da la'asar a kan tebur, minti 35, murya ta yi karkarwa amma ba ta faɗi ba. Laraba da la'asar a kan matashin Mama, minti 18, ta faɗi. Ba maganar citta a wannan rana, ba maganar kuɗi, ni da yaron ne kawai muna karanta wa juna tsohuwar jarida. Na miƙa hannu na ɗaga kwamfutar, na ɗora bayan hannuna a ƙarƙashinta kamar yadda na sha ganin tsohon yana yi wa tarago. Sai da na janye da sauri, don zafinta ya yi kama da na tandar waina. A lokacin ne kuma na lura da kukan fankar da ke cikinta, wanda lasifika ta daɗe tana rufe mana. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Washegari na hau mota zuwa Kafanchan, wurin wani saurayi mai gyara da ke da ɗan shago kusa da kasuwa. Azumi a ke yi, bakinsa a bushe, amma bai yi mini gaggawa ba. Ya fara nuna mini ma'aunin zafi a allo, ƙwaƙwalwar kwamfutar tana haura digiri 90 da an ba ta aiki kaɗan. Ya kashe ta, ya cire batir, ya kwance bayanta. Tsakanin fanka da ragar da iska ke fita, ga wata dunƙulalliyar ƙura ta saƙu da zare da gashi ta zama kamar ɗan guntun bargo. Ya zaro ta da hantsaki ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Baba, ga ɓarawonku. Hunturu uku ke nan a dunƙule."

Yana aiki yana yi mini bayani, ni kuma ina saurare kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce hira da murya aiki ne mai nauyi ga tsohuwar kwamfuta, ko da ba a kunna hoto ba. Ta kan yanyanka muryar mutum gutsure-gutsure, wajen 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta matse kowanne ta aika, ta karɓi na sauran mutane uku ta jera su, tana kuma tace amsa-kuwwar lasifika da carar zakara da ƙarar injin niƙa don kada su dami masu saurare. Duk wannan ba hutu, aiki kuwa zafi ya ke haifarwa. Zafin ya kan bi wani siririn bututun tagulla zuwa bakin fanka, fanka ta zuƙo iska ta ƙarƙashi ta hure shi waje. To ga ƙura ta toshe mafita, ga matashi ya toshe mashiga, ga kuma rana ta la'asar. In ƙwaƙwalwar ta doshi digiri 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, shi ne karkarwar muryar da mu ke ji. Daga nan manhaja ta cije ta faɗi, in zafi ya ci gaba kwamfutar ta kashe kanta. Minti 20 ɗin nan lokacin da ta ke ɗauka ne ta cika da zafi, ya kuwa zo daidai da tsawon gaisuwar Mama. Ya share fankar da ɗan buroshi, ya goge busasshen maikon da ke kan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo, ya mayar. Ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 60. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin motata ba.

Ga mai karatu da irin wannan ta same shi, abin da na koya ke nan. Ka fara bambance yankewar sabis da faɗuwar manhaja. Ka riƙe agogo ka ga ko kullum a lokaci ɗaya ta ke faɗuwa. In da an buɗe ta ta ke faɗi, ko da an jona makirfo, to a duba sabuntawa da direban sauti, domin su ma su kan jawo haka, kamar yadda cikar ma'adana ta kan jawo. In kuwa sai ta jima tana aiki, ka taɓa ta ka ji. Kada ka sauya abu biyu a tare, kada ka yi gwaji a inda ba nan a ke amfani da ita ba, kada kuma ka aza ta a kan katifa ko matashi. Mu da ke shan ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya kamata a kai ta a share duk shekara.

Saura abu guda da ban faɗa ba, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami. A hanyar dawowa daga Kafanchan, da kwamfutar a cinyata, na tambayi kaina don me na bari abin ya kai wata uku. Da na so, da tun mako na biyu na lallashi Mama mun yi taron da wayar hannu, ko na ari kwamfutar wani. Gaskiya ban taɓa kashe na'urar ba, amma duk ran da ta faɗi, can cikin raina na kan ji sanyi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Dalili kuwa, ba dukan kuɗin ne suka shiga gona ba. Da iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin Mama, na ɗebi wani kashi na sayi kwano da katako, da niyyar in cike gurbin in an sayar da citta, ban kuwa gaya wa kowa ba. Cittar ta ruɓe, gurbin ya zauna. Ƙanena ya yi kuskure a kan wanda ke kashe magana, amma bai yi kuskure ba da ya ji a jikinsa ana guje masa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ran Lahadi 31 ga Maris, ranar Ista, muka sake haɗuwa. Autarmu ce ta shawo kansa ya shigo. A ranar ne ma aka tura agogon Ingila gaba da awa guda, lokacinsa ya zo daidai da namu. Na fito da ɗan tebur na ajiye a gaban Mama, na jera marafan kwalba huɗu na aza kwamfutar a kansu don iska ta ratsa, matashin kuwa na sa mata a baya. Ta yi addu'arta, ta bi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ni idona yana kan agogo. Minti 20 ya wuce, 25 ya wuce, fanka tana ta aikinta a hankali. Aka yi shiru, kowa yana jiran ƙanena, shi kuma ya ƙi cewa kome. Sai na buɗe littafina na fara karanta lissafi da kaina, kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin 'yan ƙodago, na zo kan kwano da katako na faɗe su da adadinsu. Na kuma ba da labarin ƙurar, da abin da na tarar a raina a cikin mota.

Ya daɗe bai amsa ba, har na duba allo ko ta sake faɗuwa. Can sai ya ce, "Yaya, rufin ɗakin Mama ne za ka ɓoye mini? Da ka faɗa ai da na ƙaro." Ya kuma ce shi ma a yafe masa saƙon da ya rubuto. Mama ta bari muka gama, sa'an nan ta yanke hukunci a taƙaice. Ta ce gonar ubanmu ba ta sayarwa ba ce tana raye, bana a shuka masara da waken soya a bar ƙasa ta huta da citta, ni kuma in biya abin da na ɗiba a hankali, don kada gobe wani ya ce an yi son kai. Ba wanda ya musa. Aka koma hirar jikoki, muka yi awa guda da rabi, sai da batir ya yi gargaɗi muka yi sallama.

Na gama biya a ƙarshen wannan shekara. Guntun bargon ƙurar nan yana cikin ambulan a tsakiyar littafin rajistar, marafan kwalbar kuma suna nan a kan tebur, Mama ba ta yarda yara su taɓa su. Duk ƙarshen Fabrairu na kan kai kwamfutar Kafanchan a share ta, in na dawo kuma in kira ƙanena mu biyu kawai, in tambaye shi ko akwai abin da ya ke so ya ji daga gare ni. Allah ya bar zumunci, ya jiƙan magabata.